Takardar bango a ɗakin wasan yara: Asalinta, yadda ake liƙa ta da abin lura a Anka, Gummi da Bukkuyum

Takardar bango, wadda masu sana'ar ƙawata ɗakuna ke kira wolfefa, takarda ce mai zane da ake sayarwa a nannaɗe, a yayyanka ta falle-falle a liƙa a jikin bango maimakon fenti. Duk gidan da aka yi wannan aiki da wuya a rasa ragowa. Dalili kuwa shi ne dole mai liƙawa ya daidaita zanen kowane falle da na kusa da shi, sai ya datse wani abu a sama ko a ƙasa, sannan ƙarshen naɗin kan gaza tsawon bango. Wannan ragowa ba ta isar ɗakin babba, amma takan wadaci ɗan wurin da yara ke wasa, ko bukka ce a tsakar gida, ko rumfa, ko wani lungu da aka keɓe musu.

A yammacin Jihar Zamfara, inda ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum suke maƙwabtaka da juna, batun wurin wasan yara ya wuce maganar ado. A Anka da Bukkuyum ne ƙasar tsakar gida ta yi ajalin ɗaruruwan ƙananan yara a shekarar 2010, sakamakon gubar dalma. Gummi kuma gari ne na bakin Gulbin Zamfara da ya san ɓarnar ruwa. Don haka wanda zai ƙawata wa yara wurin wasa a wannan yanki, sai ya fara duba ƙasar da za su zauna a kai da bangon da za su taɓa, kafin ya kai ga zaɓen launi.

Ɗakin wasa a gidan Bahaushe

Bahaushe bai saba gina wa yara ɗaki na musamman don wasa ba. Yaran ne ke gina abinsu. Da kaka, bayan an girbe gero da dawa, kara ya wadata, sukan jingina shi a jikin danga ko katanga su yi 'yar bukka, wani lokaci su aro tsohuwar tabarma ko ɓarin zana su rufa. 'Yan mata kan share wani lungu su yi wa 'yar tsana ɗaki, su yi mata jere da murafan kwalba da gwangwanayen madara da na tumatir, su dafa tuwon ƙasa, har su shirya biki su kai amarya kamar yadda suka ga iyayensu na yi. Yara maza kuma suna can da dokin kara da motar langa-langa, ko suna gina shanu da raƙuma da laka a bakin gulbi.

Kusan duk kayan waɗannan wasanni ragowar aikin manya ne: ƙyallen da tela ya yar, karan da manomi ya bari, kwalin da mai shago ya zubar, fasasshen kwanon da uwar gida ta daina amfani da shi. Ragowar takardar bango baƙuwa ce a wannan layi, amma ɗabi'ar da ta tarar tsohuwa ce.

A Turai abin ya bi wata hanya, domin can manya ne ke gina ɗan gida a cikin lambu su miƙa wa yara. Sarauniya Biktoriya ta Ingila da mijinta sun gina wa 'ya'yansu irin wannan gida na katako a Osborne a wajajen 1854, inda suka koyi girki da aikin lambu. A 1932 mutanen yankin Wales sun ba Gimbiya Elizabeth, wadda daga baya ta zama sarauniya, kyautar ɗan ƙaramin gida mai rufin ciyawa lokacin da ta cika shekara 6, kuma har yau yana nan a Windsor. Daga gidajen sarauta al'adar ta sauko zuwa gidajen talakawa, inda ake haɗa ɗakin da katako a ƙawata cikinsa da abin da ya rage bayan an gyara babban gida.

Adon bango kafin zuwan takarda

Ƙawata bango ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Magina sun daɗe suna fitar da zane a fuskar zaure da cikin soro tun laka tana ɗanya, kuma birane irin su Kano da Zariya sun yi suna a kansa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, shi ne mashahurin wannan sana'a. Don kare bango daga ruwa ana yaɓa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Mata kuma su ke da aikin daɓe da shafa farar ƙasa, su ne kuma masu jere, inda ƙore da faya-fayi, daga baya tasoshi da kwanukan sha da kwalla, ke rufe bangon ɗakin amarya tun daga ƙasa har sama.

Takarda ta fara hawa bango ne ta hanyar kalanda da hotunan jaridu da mujallu, waɗanda ake gani a shagon aski da na tela da ɗakunan samari. Takardar bango ta kanti ta yaɗu daga baya a manyan birane tare da sauran kayan adon ɗaki na zamani, kuma daga can take isa ƙananan garuruwa, galibi idan ana gyaran ɗakin amarya ko falon baƙi.

Asalin takardar bango

A ƙasar Sin aka ƙirƙiro takarda, kuma ana danganta inganta yin ta ga wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun a shekarar 105 Miladiyya. A Turai liƙa takarda mai zane a bango ya fara ne a matsayin madadin darduma da yadudduka masu tsada da attajirai ke ratayawa. Ɗaya daga cikin mafi tsufan samfurin da aka samu a Ingila an gano shi ne a 1911 a wata kwaleji da ke Kambirij. An buga zanen, mai siffar rumman, a wajajen 1509, kuma a bayan tsofaffin takardun sanarwa aka buga shi. Ke nan tun farkonta takardar bango da ragowa ta soma.

Da kasuwarta ta buɗe, gwamnatin Ingila ta sa mata haraji a 1712, ba a soke shi ba sai 1836. A wajajen 1840 aka fara buga ta da inji a garin Darwen da ke arewacin Ingila, farashi ya sauko, ta shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. A yau akwai wadda takarda ce zalla, akwai mai rufin roba a fuska da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, akwai kuma mai gam a bayanta wadda ake ɓare wa leda a manna kai tsaye.

Koren launin da ya yi kisa

Tarihin wannan takarda yana da babi mai duhu, kuma yara ne suka fi shan wahalarsa. A 1775 wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya samar da wani koren launi mai ɗaukar ido da aka haɗa da sinadarin asenik, wanda guba ne. Saboda kyansa da araharsa, masana'antu suka rungume shi, ya shiga takardun bango da tufafi da kayan wasa. Ƙurar launin kan kakkaɓo daga bango, mutanen ɗakin su shaƙa, yara kuma su shafa da hannu su kai baki. A 1862 an yi bincike a unguwar Limehouse ta birnin Landan kan wasu yara 'yan gida ɗaya da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka samu asenik mai yawa a koriyar takardar ɗakin kwanansu. A Amurka, wani malamin kimiyya a Jihar Michigan mai suna Robert Kedzie ya tattara samfuran irin waɗannan takardu ya haɗa su littafi a 1874, ya rarraba wa ɗakunan karatu don mutane su gane su su guje su. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ƙorafin jama'a ya tilasta wa masana'antu daina amfani da launin.

Takardar da ake sayarwa yanzu ba ta ɗauke da wannan koren. Abin da ya saura shi ne darasin: abin da ke jikin bango da ƙasan ɗaki, ƙarshensa cikin ƙaramin yaro yake shiga, domin shi da hannu da baki yake sanin duniya.

Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake kira Na-gari Na-kowa, suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaran kan fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake haƙowa a yankin suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma a lokacin ana kawo su cikin gari, har cikin gidaje, a farfasa su, a daka a turmi, a niƙa a injin irin na hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa ta zauna, a daidai inda yara ke rarrafe da wasa.

Binciken da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta jagoranta a ƙauyuka biyu na farko ya gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, wato kusan ɗaya cikin huɗu. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke aiki da shi a lokacin ga filin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu a wannan annoba, dubbai kuma suka kamu.

Maganin ya kasu biyu, kuma ɗaya ba ya yiwuwa sai da ɗaya. Likitoci sun riƙa ba yara maganin da ke janye dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma cikin gurɓatacciyar ƙasa. Saboda haka aka fara da kankare saman ƙasar gidaje da tituna, a kwashe a binne a ramukan da aka tanada, a zubo sabuwa mai tsabta. An yi wannan aiki a Dareta da 'Yargalma a 2010, sannan Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza zuwa 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. A 2022 MSF ta miƙa shirin ga hukumomin Jihar Zamfara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa daga dalmar da aka haɗiya. Ko wadda ba ta kai ta kashe ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ta rage kaifin fahimta, illar da ba ta warkewa. Dalma kuma ba ta ruɓewa a cikin ƙasa, ba ta da wari, ido ba ya ganinta.

Zaɓen wuri da shimfiɗa

Daga wannan tarihi ake fitar da ƙa'ida ta farko. Ba a kafa wa yara wurin wasa a inda aka taɓa daka ko niƙa ko shanya duwatsun zinare, ko kusa da inda mai haƙa ke ajiye tufafin aiki da kayansa. Ba a ɗebo yashi ko laka daga wuraren wanke zinare don yin daɓe ko yaɓe ko tubali. Buhunan da aka ɗauko duwatsu a ciki ba sa zama shimfiɗa ko rufi ko labule, ko da an kakkaɓe su. Tsohon turmin da aka daka dutse a ciki ba kujerar yara ba ne.

Ƙasan ɗakin wasa ya fi bangonsa muhimmanci. Inda hali ya yi, daɓen siminti ya fi, domin ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Inda bai yi ba, a zuba ƙasa mai tsabta daga wurin da aka tabbatar ba a taɓa aikin ma'adinai ba, a daɓe ta, a shimfiɗa leda ko tabarmar roba da za a riƙa wankewa. Shara da busasshiyar tsintsiya tayar da ƙura take yi, shi ya sa yayyafa ruwa kafin shara ya fi. Wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci yana rage abin da ke shiga cikinsu.

A Gummi da garuruwan fadama abin dubawa shi ne ruwa. Ambaliyar da ta auka wa garin a watan Agustan 2024 ta rushe gidaje masu yawa. Katangar ƙasa da ta sha ruwa tana iya faɗuwa ba tare da ta ba da wata alama ba, don haka ba a jingina bukkar yara a jikinta da damina. A zaɓi wuri mai ɗan tudu, nesa da rijiya da murhu da turken dabbobi, kuma inda idon uwa ke kaiwa daga inda take aiki.

Takarda rufewa take yi, ba ta tsabtacewa

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar takardar bango a matsayin maganin bango mai matsala. Idan akwai tsohon fenti mai ɓarewa a ƙasa, takardar za ta ɓoye shi na ɗan lokaci, ranar da yaro ya ja gefenta sai ta taso tare da ɓarɓashinsa. Wannan abin lura ne domin wasu fentin mai, musamman masu launin rawaya da ja, ana haɗa su da dalma. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978, kuma ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada dalmar fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Tsofaffin ƙofofi da tagogi da kwanon rufi masu fenti, waɗanda aka fi sha'awar haɗa ɗakin wasa da su saboda araha, sun fi dacewa da wani aikin. Haka ma tsohon silin na asbesto, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu idan an fasa shi ko an yanka.

Bangon laka da ba a yi wa filasta ba, ba ya riƙe takarda, domin gam ɗin ƙura yake kamawa, ba bango ba. Zana da kara kuwa ba su da shafaffiyar fuskar da za a liƙa komai. Hanyar da ta fi dacewa da gine-ginen yankin ita ce a liƙa takardar a jikin faffaɗan kwali mai kauri ko sabon falanki marar fenti, a huda kusurwoyi, a ɗaure da igiya a cikin bukkar. Irin wannan allo ana iya sauke shi a duba bayansa, a shanya shi a rana, a shigar da shi ɗaki idan hadari ya taso. Kwalin ya kasance na kayan abinci ko sabulu, ba na maganin feshi ko batir ba.

Lissafin ragowa

Naɗin takardar bango da aka fi sani yana da faɗin santimita 53 da tsawon kimanin mita 10, wato yana rufe murabba'in mita 5 da ɗoriya. Idan ɗakin wasa yana da faɗin mita ɗaya da rabi a kowane gefe, tsayinsa ma haka, falle uku masu tsawon mita ɗaya da rabi sun rufe bango guda. Jimillarsu mita huɗu da rabi ke nan, ƙasa da rabin naɗi. Rufe bango huɗu, bayan an cire ƙofa da taga, zai ci kusan naɗi biyu, abin da ragowa ba ta cika kaiwa ba.

Saboda haka ake bin ɗaya daga hanyoyi uku. Ta farko, a ƙawata bangon da ke fuskantar ƙofa kaɗai, a bar sauran. Ta biyu, a zagaye ɗakin da siririn falle a tsakiya kamar ɗamara. Ta uku, wadda ta fi cin moriyar ƙananan guntaye, a yayyanka ragowar launuka daban-daban zuwa murabba'ai masu santimita 25 a kowane gefe, a jera su kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye. Mita ɗaya na takarda yana ba da murabba'i 8, guda 36 kuma sun cika bango mai mita ɗaya da rabi. Wannan hanya ba ta buƙatar daidaita zane, kuma idan guda ya yage shi kaɗai za a sauya.

Gidaje da yawa sukan fifita zanen furanni da ganyaye da layuka a kan hoton mai rai. Idan za a cike giɓi da jarida ko kalanda, ana kauce wa shafukan da ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani ko sunayen Allah, tunda wuri ne da za a taɓa da hannu mai datti, a yage, a tattaka.

Gam da yadda ake liƙawa

Gam mafi sauƙi shi ne na sitaci. Ana dama garin sitacin rogo ko fulawa da ruwan sanyi, gwangwani ɗaya ga ruwa kamar gwangwani huɗu ko biyar, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kaurin koko, a bar shi ya huce. Ƙaro da aka jiƙa ya narke ma yana riƙe takarda marar nauyi. Takarda mai rufin roba ta fi nauyi, farin gam na kafintoci da aka ɗan sirka da ruwa ya fi riƙe ta. Sholisho da sauran gam masu ƙarfin wari ba su dace da wurin yara ba, domin tururinsu yana bugarwa kuma yana kama wuta. Haka nan ba a zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a cikin gam da niyyar korar gara, saboda yaro zai iya lasar bangon ko ya tauna gefen takardar. Garin gam na kanti da ake sayarwa tare da takardar sau da yawa yana ɗauke da maganin hana fumfuna, don haka babba ne zai dama shi ya shafa, a kuma wanke hannu bayan an gama.

Ana shafa gam a bayan takardar tun daga tsakiya zuwa gefe, a bar ta mintuna kaɗan ta sha ta saki jiki, sannan a ɗora daga sama a bi da busasshen tsumma ana korar iska zuwa gefuna. A naɗe bakin takardar ya zagaya bayan kwalin, domin gefen da ya tashi shi ne ke kiran yatsan yaro. A bar allon ya bushe a inuwa, an danne shi da wani abu mai nauyi don kada ya lanƙwashe. Yaran da suka yi wayo za su iya zaɓen launi da jera murabba'ai da shafa gam ɗin sitaci. Reza da almakashi na hannun babba ne.

Yanayi, ƙwari da wuta

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan ɗaukewar damina, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da laima ta ragu kuma kara ya samu. A tsakiyar hunturu gam kan bushe kafin a gama daidaita takarda, don haka aikin safe ya fi. Da bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafi kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya zama tanda. Rufin ciyawa ko zana a ƙarƙashin inuwar bishiya, da taga biyu masu kallon juna, su ne ke sa yara su iya zama a ciki. Rana kuma tana kashe launin takarda, shi ya sa a ciki kaɗai ake sa ta.

Gara tana cin takarda da kwali, kyankyasai na son sitaci, kunama kuma tana son duhun da ke tsakanin allo da bango. Ɗaga allon kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, da sauke shi a kakkaɓe duk mako, yana maganin yawancin wannan. Takardar da ta jiƙe ta yi baƙin fumfuna cire ta ake yi, domin tana tayar wa masu asma ciwo. Game da wuta kuwa, kara da ciyawa da takarda duk abincinta ne, kuma mai rufin roba tana fitar da hayaƙi mai guba idan ta kama. Ashana da kyandir da garwashin turare ba sa shiga ɗakin wasa, ragowar takardar ma ba a hura murhu da ita.

Abin da yaro ke samu

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci wasa da hutawa a sashe na 31 a matsayin haƙƙin kowane yaro. A yankin da matsalar tsaro ta raba iyalai da yawa da ƙauyukansu, har wasu suka koma zaman gudun hijira a garin Anka da wasu garuruwan, fita daji ko bakin gulbi don wasa ya ragu, tsakar gida ta zama kusan duk filin da yaro ke da shi. Ɗan lungun da aka share, aka shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, aka rataya masa allo mai launi, yana tsare yaro a wurin da aka san ƙasarsa, maimakon ya bi duk inda ƙafa ta kai shi. A nan yake koyon ƙirga da auna da haɗa launi, da yadda ake raba aiki da 'yan uwa, da kula da abin da aka ce nasa ne.

Kuɗin da aikin ke ci bai wuce na kwali da igiya da gwangwanin sitaci ba. Abin da ya fi tsada shi ne sanin tarihin ƙasar da za a kafa ɗakin a kai, kuma wannan tambaya ce da dattawan unguwa da masu gidan na farko za su iya amsawa. Iyalin da ke zaune a gidan da aka taɓa sarrafa duwatsun zinare, ko suka ga yaro yana yawan ciwon ciki da kasala da rashin cin abinci, ko ya yi jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, asibiti ne wurin zuwa, a kuma faɗa wa ma'aikatan lafiya irin aikin da aka taɓa yi a gidan, domin gwajin jini ne kaɗai ke nuna dalma.